Yadda Ake Shirya Teburin Jibin Ubangiji a Ikilisiya

Na shafe shekaru ina cikin waɗanda ke shirya teburin Jibin Ubangiji a ikilisiyarmu, kuma duk lokacin da aka zaɓi sabon dattijo, ko aka ba wata daga Zumuntar Mata wannan aiki, tambayoyinsu iri ɗaya ne: gurasa nawa za a yi, me za a zuba a kofuna idan babu ruwan inabi, kuma ina za a kai abin da ya rage. Aikin yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, domin a Luka 22:8-13 Yesu ya aiki Bitrus da Yahaya su shiga gari su shirya Jibin Ƙetarewa tun kafin a zauna cin abinci. Bayanin da ke biye ya shafi ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, HEKAN da Baptist, inda ake rarraba gurasa da ƙananan kofuna. Katolika da Angilikan suna da ƙa'idodinsu a rubuce game da gurasar da ruwan inabin, don haka wanda yake cikinsu sai ya bi abin da limaminsa ya nuna masa. Ko a cikin sauran ɗarikun, idan abin da na faɗa ya saɓa wa tsarin ikilisiyarka, maganar fastonka ce a gaba.

Kayan da ake bukata

Na kan tebur su ne: tire mai ramuka na jera kofuna, wanda yawanci yake ɗaukar kofi 40, ƙananan kofuna na roba ko na gilashi, faranti biyu ko fiye na gurasa, babban ƙoƙo ɗaya da dunƙulen gurasa ɗaya waɗanda fasto zai ɗaga, farin ƙyalle biyu, ɗaya na shimfiɗawa ɗaya na rufewa, daro, buta, sabulu da tawul na wanke hannu.

Na gurasa su ne: fulawa gwangwanin madara 3, man gyaɗa babban cokali 3, gishiri ɗan kaɗan, ruwa mai tsabta kusan gwangwani 1, kwalba mai santsi ta murzawa, wuƙa, cokali mai yatsu, kaskon suya mai kauri, da roba mai murfi. Na abin sha kuwa: ruwan inabi marar barasa ko abin da zai maye gurbinsa, kyalle mai tsabta na tacewa, da gorar roba ta zubawa. Ka ƙara da bokiti biyu, soso sabo wanda bai taɓa kwanon miya ba, da ɗan littafi na rubuta lissafi.

1. Fara shirin tun mako guda kafin ranar

Tabbatar cewa an yi sanarwa a sujadar Lahadin da ta gabata, kuma wanda zai ba da Jibin ya san ranar. A yawancin ɗarikunmu fasto wanda aka ba izini ne kaɗai yake jagorantar tebur, saboda haka ikilisiyar ƙauye da mai bishara ke riƙe da ita sai ta jira zuwan Rabaran, kuma babu abin takaici kamar a gasa gurasa a jera kofuna sannan a ji cewa bai sami saƙo ba.

Amfanin sanarwar shi ne jama'a su sami lokacin binciken kansu kamar yadda Bulus ya umarta a 1 Korantiyawa 11:28, kuma mai shirya tebur yana cikin jama'ar. Wannan ne matakin da muka fi tsallakewa, domin hankali yana tafiya wajen fulawa da kofuna. Abin da nake yi shi ne, tsakanin Litinin da Jumma'a nakan karanta 1 Korantiyawa 11:17-34 a hankali, sannan in tambayi kaina ko akwai wanda ba na son haɗa ido da shi idan na miƙa masa faranti. Idan akwai, to Matiyu 5:23-24 ta riga ta nuna hanya: a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Sau da yawa matsalar ba babba ba ce, bashi ne da aka yi shiru a kansa, ko maganar iyakar gona, ko wata kalma da ta kuɓuce a taron majalisar dattawa. Kada ka bar wannan sai safiyar Lahadi a bakin ƙofar majami'a, domin sulhun gaggawa a gaban mutane ba ya kai ciki.

2. Ƙidaya masu cin Jibin

Kada ka yi lissafi da yawan masu zuwa sujada. Nemi sakataren ikilisiya ya ba ka adadin waɗanda suka yi baftisma, ka duba kuma adadin waɗanda suka ci a karo biyu ko uku da suka wuce, sannan ka ƙara 10 a kan kowane 100 saboda baƙi. A lokacin Kirsimeti da Ista ƙarin ya fi haka, musamman a ikilisiyoyin ƙauye inda 'yan birni ke dawowa gida. Ragowar kofi 20 ba ta cutar da kowa, amma mutum ɗaya da tire ya iso gabansa babu kome zai daɗe yana jin abin a ransa.

3. Wanke kaya ranar Asabar

Fitar da kofuna da tire da safe ka wanke su da sabulu, ko da an wanke su kafin a ajiye, domin ƙura da kyankyasai ba sa tambayar izini. Ɗauraye su sau biyu, na ƙarshen da ruwan zafi, amma idan kofunan roba ne kada ruwan ya zama tafasasshe, don suna lanƙwashewa su ƙi zama a ramin tire. Kife su a kan tsabtataccen ƙyalle su bushe da kansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙarancin ɗauraya, sai ƙamshin sabulu ya rinjayi abin shan. Duba kowane kofi a haske ka ware mai tsaga. A wannan rana ce kuma za a wanke fararen ƙyallayen a goge su.

4. Yi gurasar

Yesu ya ci wannan jibi a lokacin Idin Abinci Marar Yisti, shi ya sa ikilisiyoyi da yawa suka fi son gurasa marar yisti, kuma ita ce ta fi sauƙin rabawa domin ba ta marmashewa sosai. Awon da na bayar a sama ya ishi mutum 300 har da saura.

Zuba fulawa da gishiri a kwano, ka sa man gyaɗan ka murje da yatsu har ya shige, sannan ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan kana cuɗawa har kwaɓin ya haɗu ya daina manne wa hannu. Kada ka zuba ruwan gaba ɗaya, domin fulawa ta bambanta wajen shan ruwa. Rufe kwaɓin ya huta minti 15. Gutsuri wani yanki kamar girman ƙwai biyu ka ajiye gefe, shi ne za ka faɗaɗa kamar tafin hannu domin faston ya ɗaga ya gutsuttsura a gaban jama'a. Sauran ka raba shi uku, ka barbaɗa fulawa a kan tire, ka murza kowane kashi da kwalba har kaurinsa ya zama kamar na kwali.

Yanzu sai abin da sababbi ba su sani ba: ana tsaga gurasar tun tana ɗanya. Ja wuƙa a kanta a tsaye da a kwance, ba tare da ka yanke ta har ƙasa ba, yadda kowane gida zai zama kamar girman farcen babban yatsa. Soka ta ko'ina da cokali mai yatsu don kada ta kumbura. Ɗora kasko busasshe a kan garwashi marar ƙarfi, ka gasa kowane gefe minti 3 zuwa 4, har ta bushe ta fara nuna ɗigon ja kaɗan. Mai na'urar gasa burodi zai iya sa ta a zafin digiri 180 na minti 10 zuwa 12. Da ta huce sai ka kakkarya ta a kan tsagar, ka zuba a roba mai murfi.

A nan akwai gargaɗi biyu. Kada ka bar ta ta yi ƙarau kamar cincin, domin a cikin jama'a akwai tsofaffi marasa haƙora, kuma ƙarar tauna a cikin majami'ar da ta yi tsit tana ɗauke hankali. Da hunturu iska kan busar da ita cikin sa'a guda idan an bar ta a buɗe, da damina kuma takan yi fumfuna idan aka rufe ta da zafinta, don haka lokacin da ya fi dacewa a yi ta shi ne yammacin Asabar. Kada kuma ka sa sukari ko madara don ta yi daɗi, domin kiyashi zai riga jama'a zuwa teburin.

Idan babu halin gasawa, burodin kanti ya isa a yawancin ikilisiyoyinmu. Sayi wanda ya kwana ɗaya kuma ba mai sukari da yawa ba, ka yanke ɓawon, ka danne shi da kwalba ya yi faɗi, sannan ka yayyanka. Burodi mai zafi yana dunƙulewa a ƙarƙashin wuƙa. Wasu suna sayen farar gurasar nan mai sirara da ake sayarwa a shagunan littattafan Kirista, wadda takan daɗe ba ta lalace ba idan ba ta sha iska ba.

5. Haɗa abin sha da safiyar Lahadi

Yawancin ikilisiyoyin bishara a arewa ba sa amfani da ruwan inabi mai barasa. Wannan al'ada ta samu sauƙi ne tun 1869, lokacin da Thomas Welch, wani ɗan ɗarikar Methodist a Amurka, ya dafa ruwan inabi yadda ba zai zama giya ba. Idan ka sami ruwan inabi na kwali ko na kwalba, karanta jikinsa ka tabbatar babu barasa kuma wa'adinsa bai ƙare ba, domin kwalaben suna kama da juna. Inda babu shi, ana sirka jan lemo mai kauri irin Ribena da ruwa, inda wannan ma ya yi tsada, ikilisiyoyi da dama suna komawa ga zoɓo. Kafin ka canza daga abin da aka saba, sai ka sami yardar fasto da dattawa, domin akwai masu ganin lallai sai 'ya'yan inabi, kuma teburin Ubangiji ba wurin da za a ba mutane mamaki ba ne.

Ƙaramin kofi yana cin kusan mililita 15, amma ba a cika shi, ana tsayawa a kashi biyu cikin uku. Da wannan awo lita 1 takan cika kofi kusan 100, wato mutum 300 suna bukatar lita 3, sai ka ƙara rabin lita domin babban ƙoƙo da abin da zai zube.

Idan zoɓo ne, wanke shi sosai saboda yashi, ka tafasa shi da ruwa mai tsabta, ka tace sau biyu da ƙyalle, ka sa sukari daidai yadda tsamin zai ragu. Ban da citta, ban da kanumfari, ban da masoro da kayan ƙamshi, domin na sayarwa daban, na tebur daban, kuma citta takan sa mutane tari. Na taɓa dafa shi da daren Asabar a watan Afrilu don in rage wa kaina aikin safe, na bar shi a jarka babu firiji, washegari da na buɗe murfin sai ya yi ƙarar fitar iska kamar lemon kwalba, ya fara kumfa yana warin tsami. Dole muka sake ɗora tukunya ana cikin waƙoƙin farko, muka riƙa fifita shi a daro don ya huce. Tun daga ranar nake tashi da asuba in dafa, kuma ina ɗanɗana kowane abin sha kafin ya shiga kofi.

Wajen zubawa, jera kofunan a tire tukuna. Huda murfin gorar roba da ƙusa mai zafi, ka zuba abin shan a ciki, ka riƙa matsawa a hankali kofi bayan kofi. Ƙaramar butar shayi ma tana yi, amma kofin awo ko ludayi sukan jiƙa tire, kuma kofin da gindinsa ya jiƙe da sukari yakan manne, mai ɗauka ya fizga ya watsa wa na kusa da shi. Goge duk ɗigon da ya zuba kafin ka ɗora wani tiren a kai. Idan babu tire mai ramuka, shimfiɗa ɗan tawul mai damshi a kan tire na gida ka jera kofunan, ba za su zame ba. Kafinta ma zai iya huda katako ya yi maka irinsa.

6. Shirya teburin kafin jama'a su shigo

Girgiza teburin ka ga ko yana rawa, in yana yi ka sa masa kwali a ƙafa. Shimfiɗa ƙyalle na farko, ka ajiye dunƙulen gurasa da babban ƙoƙo a tsakiya ta gefen da faston zai tsaya, farantan gurasa a hannu ɗaya, tirorin kofuna a ɗayan, sannan ka rufe duka da ƙyalle na biyu saboda ƙuda da ƙura. Daro da buta da tawul su zauna a kan kujera a gefe. Idan kiyashi yana damun majami'arku, sa ƙafafun teburin a cikin gwangwanaye masu ruwa. Ajiye tire ɗaya na ko-ta-kwana a ƙasan jerin.

7. Raba aiki tsakanin masu rarrabawa

Wannan minti biyar ne kawai kafin sujada, amma shi ke hana rikicewa. Kowane dattijo ya san layin bencinsa, ya san kuma ta ina zai fara da inda zai ƙare. A ambaci wuraren da ake mantawa da sunansu: mawaƙa, mai kiɗa, masu tsaron ƙofa, waɗanda suka zauna a rumfar waje, da iyaye mata da suka fita da jarirai. Waɗannan na ƙarshen su ne aka fi tsallakewa, kuma yawancinsu ba za su yi magana ba, sai dai su koma gida. A kuma tsayar da wanda zai miƙa wa faston da masu rarrabawar kansu.

Game da wanda ya cancanci ci, faston ne zai yi bayani daga gaba, kuma a ikilisiyoyi da yawa akan sallami waɗanda ba su yi baftisma ba kafin a fara. Idan akwai wanda yake ƙarƙashin horo, wannan magana ce da majalisa ta riga ta gama da shi a keɓe. Ba aikin mai riƙe da faranti ba ne ya janye hannu ko ya yi wa mutum tambaya a tsakiyar benci. Idan ka ga abin da ya dame ka, ka kai wa fasto bayan an tashi.

8. Lokacin rarrabawa

Wanke hannunka da sabulu a gaban jama'a tare da faston. Mutum biyu su ɗage ƙyallen rufin su ninke shi a hankali. Bayan an karanta Nassi, yawanci 1 Korantiyawa 11:23-26, an yi godiya an gutsuttsura gurasar, karɓi farantinka da hannu biyu ka tafi ba gaggawa. Sauke farantin daidai ƙirjin wanda ke zaune don kada ya yi miƙa, tsoho mai rawar hannu kuma ka riƙe masa tiren da kyau, ko ka ciro kofin ka sa masa a hannu, makaho ka taɓa hannunsa ka faɗa masa a hankali abin da ke gabansa. Kada ka gaisa da kowa, kada ka yi wa yaro tsawa, kuma ka bar takalmi mai ƙara a gida.

A ikilisiyoyi da yawa kowa yakan riƙe gurasarsa har sai an gama rabawa, sannan a ci tare, bisa ga maganar Bulus a 1 Korantiyawa 11:33 cewa a jira juna. Saboda haka idan ka dawo gaba, faston zai tambaya ko akwai wanda bai samu ba, kai kuma ka juya ka duba layinka da idonka maimakon ka dogara ga ɗaga hannu, domin mai kunya ba zai ɗaga ba. Haka za a maimaita da kofuna. Idan wani ya zubar, miƙa masa wani ba tare da magana ba, a goge daga baya. Idan naka ya iso hannunka, ajiye lissafin tire da benci, ka ci kamar kowa, domin na san ranakun da na haɗiye gurasar ina ƙirga kofuna a zuci, sai da na isa gida na tuna ban yi addu'a ko ɗaya ba.

Inda ake shan ƙoƙo ɗaya, a riƙa goge bakinsa da tsabtataccen ƙyalle ana juya shi bayan kowane mutum, amma a lokacin mura ko wata annoba gara a koma ƙananan kofuna. A ikilisiyar EYN, inda ake haɗa Jibin da wanke ƙafa bisa ga Yahaya 13, sai an tanadi ƙarin daruka da tawul da ruwa, na maza daban na mata daban.

9. Ware na marasa lafiya

Kafin a kwashe teburin, zuba gurasa kaɗan a ƙaramar roba, abin sha kuma a ƙaramar kwalba, tare da kofuna biyar ko shida, domin faston da dattijo ɗaya ko biyu su kai wa tsofaffi da marasa lafiya a gida ko asibiti a ranar. A sanar da iyalin tun da wuri. Tambayi mai jinya ko likita ya hana majiyyacin wani abu, wanda kuma ba ya iya haɗiya sosai a jiƙa masa ɗan mitsitsin gurasa. A gajarta sujadar, waƙa ɗaya da karatu da addu'a sun isa.

10. Tattara kaya da abin da ya rage

Bi benci-benci ka tattaro kofuna, ka ƙirga su, domin yara sukan tafi da su kuma na gilashi sukan faɗa ƙarƙashin kujera. Jiƙa su a bokiti nan take kafin sukarin ya bushe. Ƙyallen da zoɓo ko ruwan inabi ya taɓa a sa shi a ruwan sanyi tun jan bai kama ba, domin ruwan zafi yana zaunar da tabo.

Game da ragowar gurasa da abin sha, ɗarikoki sun bambanta, don haka tambayi faston tun kafin ranar. A wasu wurare fasto da dattawa ne suke cinyewa a natse bayan an tashi, a wasu kuma akan zuba abin shan a ƙasa mai tsabta a gindin itace, a binne gurasar. Abin da ban taɓa ganin an yarda da shi ba shi ne a zuba a kwata ko a juji, ko a raba wa yara a bakin ƙofa kamar alewa. Abin da aka riga aka zuba a kofi ba a mayar da shi kwalba don wani watan.

Idan kayan sun bushe sarai, jera su a akwati ko babbar roba mai murfi, ka ajiye a ɗakin da ke kulle. Sannan ka buɗe ɗan littafin nan ka rubuta kwanan wata, kofi nawa aka cika, nawa aka sha, fulawa da abin sha nawa aka saya da kuɗinsu, da abin da ya fashe ko ya ɓace, ka kai wa ma'aji lissafin a ranar, littafin kuma ka mayar da shi cikin akwatin, a saman kofunan, inda mai shiri na gaba zai fara cin karo da shi.